Kiyaye Lafiyar Jiki da ta Zuciya: Ɗabi'un Yau da Kullum

 

Mu da muke zuwa gaida marasa lafiya, muke kuma tsayawa sallar jana'iza, mun saba jin magana guda a gidaje da yawa: "Wallahi ba ya ciwon komai, faɗuwa kawai ya yi." Magidanci ne ɗan shekara hamsin, jiya yana sahun gaba, yau an ce ɓarin jikinsa ya shanye. Sau da yawa gaskiyar ita ce ya yi shekaru yana ciwo bai sani ba. Abin da ke biyo baya kowa ya san shi: a sayar da tumaki, a sayar da fili, yara su bar karatu, uwargida ta koma jinya dare da rana.

Ajali a hannun Allah yake, babu mai gardama a kan haka. Amma an umarce mu da riƙon sababi, kuma mafi yawan sababan lafiya ba a asibiti suke ba. Suna cikin tukunyar miya da kofin shayi, da lokacin kwanciya, da takun ƙafa, da wanda mutum yake faɗa wa damuwarsa. Wannan maƙala ta tattara su wuri ɗaya, domin ɗalibi da magidanci da uwargida su riƙa komawa gare ta.

Me ake nufi da lafiya?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta da ya fara aiki a 1948, ba ta taƙaita lafiya a kan rashin cuta ba. Ta haɗa da daidaiton jiki da na tunani da na zaman mutum cikin jama'a. Malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kare su: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Rai da hankali kuwa su ne batun wannan maƙala.

Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, ya kasa shi biyu: kashi ɗaya kan jiki, ɗaya kan zuciya. Ya nuna cewa idan jiki ya yi ciwo tunani kan raunana, idan kuma zuciya ta ƙuntata jiki kan kwanta. A ƙasar Hausa ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun yi rubuce-rubuce a kan kula da jiki da magani. Saboda haka wannan ba baƙon darasi ba ne a zaurukan karatunmu.

Barci

Baligi yana buƙatar barcin sa'o'i 7 zuwa 9 a kowace rana. Matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar 8 zuwa 10, yaro mai shekara 6 zuwa 12 kuma 9 zuwa 12. Lissafin mai sauƙi ne: wanda zai tashi ƙarfe 5 domin Asuba, idan ya kwanta ƙarfe 10 ya sami sa'o'i 7. Idan ya zauna a kan waya ko a fada har ƙarfe 1, ya sami 4 ke nan. Wanda ya daɗe yana haka, jininsa kan hau, cin abincinsa ya ƙaru, fushinsa ya matso kusa, mantuwa ta yi masa yawa. Idan direba ne ko ɗan kabu-kabu, ya jefa ransa da na wasu cikin haɗari.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Barza cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin Isha'i, ba ya kuma son hira bayanta. Labarin Salman da Abud Darda'i ma sananne ne: Salman ya hana ɗan'uwansa kwana yana salla yana tauye haƙƙin jikinsa da na iyalinsa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salman. Idan an tsawatar wa mai hana idonsa barci domin nafila, ina ga mai hana shi domin kallon bidiyo?

Abin da ke taimakawa: a tsayar da lokacin kwanciya guda, a ajiye waya nesa da shimfiɗa, a guji shayi mai ƙarfi da goro bayan La'asar. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana wartsakar da jiki, amma mai tsawo da yamma tana hana barcin dare. Ɗalibai su sani cewa hadda a cikin barci take zama. Wanda ya kwana yana tilawa bai runtsa ba ya fi saurin zubar da abin da ya ɗauka. Malaman allo su ma su duba sa'o'in da yaran da ke hannunsu suke samu. Mai minshari mai ƙarfi, wanda numfashinsa ke yankewa cikin barci, yana kuma gyangyaɗi da rana, ya je a duba shi.

Tsafta da ruwan sha

Alwala sau biyar alheri ce babba, amma ruwa kaɗai ba ya raba hannu da ƙwayoyin cuta bayan an fito daga banɗaki. A ajiye sabulu kusa da buta. A wanke hannu da shi na kimanin daƙiƙa 20 bayan bayan-gida, bayan an yi wa yaro tsarki, kafin girki, da kafin cin abinci. Idan babu sabulu, toka ta fi babu. A zuba wa kowa ruwa a hannu, kada mutum goma su tsoma hannu cikin kwano ɗaya, domin na ƙarshe daɗa wa hannunsa datti ya yi.

Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa shi, ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa a jira minti 30. A rufe randa, a keɓe mata moɗa mai mariƙi. Fitsari shi ne ma'aunin kowa: idan ya yi ja ya kuma yi kaɗan, jiki na neman ruwa.

Idan yaro ya kamu da zawo, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne. A ba shi haɗin gishiri da sukari na leda da ake samu a ɗakunan shan magani, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Idan babu, a haɗa a gida: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a daina ba shi nono.

Asuwaki sunna ne kuma yana tsabtace haƙori. A haɗa shi da buroshi da man goge baki sau biyu a rana, musamman kafin kwanciya.

Abinci

Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke koyar da kasa ciki uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Wannan ya isa ma'auni a kan yawan ci. Sauran magana tana kan abin da ake ci.

Gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, haɗe da wanda ke ɓoye cikin burodi da kilishi da yaji da abincin gwangwani. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin sodiyom, wanda shi ne ke sa jiki ya riƙe ruwa har jini ya hau. Tukunyar da aka sa wa gishiri da dunƙule huɗu da kanwa, aka kuma barbaɗa yaji a kai, ta wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba. A rage a hankali. Cikin ƴan makonni harshe kan saba. A ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta. Ɗan gishirin da za a sa kuwa ya kasance mai sinadarin ayodin, domin yana kare maƙoƙo, yana kuma taimakon ƙwaƙwalwar yara. Wannan magana ta magidanta ce kafin masu girki, domin sau da yawa maigida ne ke cewa miya ta yi lami.

Masu jego ma su kula. Likitocin da suka yi bincike a Zariya tun shekarun 1970 sun danganta yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashinta na sama-sama, a kai ta asibiti ba tare da jira ba.

Sukari. Iyakar da aka ba baligi ita ce kimanin giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 33 tana ɗauke da kusan giram 35. A ɗora shayin safe da na fada da zoɓo da sukarin fura, a ga inda lissafi ya kai.

Hatsi da ganye. Gero da dawa da wake da gyaɗa da muka gada sun fi farar shinkafa da taliya da burodi riƙe ciki, kuma ba sa ɗaga sukarin jini da sauri irin nasu, musamman idan ba a surfe su har an raba su da dusarsu gaba ɗaya ba. Ana son mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a rana, kamar cikin tafin hannu biyar. Ba sai an sayi tuffa daga waje ba: akwai zogale da rama da yakuwa da tafasa da kuka da kuɓewa da kabewa, akwai mangwaro da gwaba da lemo da kankana da magarya da goriba. Busasshen ganye ma yana amfani da rani.

Mai. A rage soye-soye, kada kuma a riƙa maimaita mai guda har ya yi baƙi.

Jarirai. Nonon uwa zalla, ba ruwa ba jiƙo, har wata 6. Daga nan a ƙara kunu mai kauri da gyaɗa ko wake ko ƙwai, a ci gaba da shayarwa har shekara 2.

Azumi. A buɗe baki da dabino da ruwa, a sassauta wa ciki, a jinkirta sahur, a yawaita ruwa tsakanin Magariba da Asuba. Mai ciwon suga ko ƙoda, da mai shan magani kullum, su ga likita kafin watan ya kama. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, karɓarsa ba gazawa ba ce.

Shayi, goro, taba da ƙwaya

Shayi da goro da kofi duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma bayan kimanin sa'o'i 5 rabinsa yana nan a jiki. Wanda ya sha zagaye uku na shayi bayan Isha'i, kada ya yi mamakin idonsa biyu tsakar dare. Shayi a kan abinci yana kuma rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe, don haka masu ciki da masu ƙarancin jini su jinkirta shi sa'a ɗaya ko biyu bayan cin abinci.

Taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a duniya kowace shekara, daga cikinsu fiye da miliyan 1 ba su taɓa sha ba, hayaƙin wasu ne kawai suke shaƙa. Shisha taba ce. Ruwan da hayaƙin ke ratsawa yana sanyaya shi ne, ba ya cire gubarsa. Wanda ya bari, jikinsa kan fara gyaruwa tun kwanakin farko, komai daɗewarsa yana sha.

Taramol da makamantansa, da matasa ke sha wai don ƙarfin aiki, suna kama mutum har ya kasa rabuwa da su, suna kuma kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya faɗa ciki yana buƙatar magani da mai riƙe hannunsa, korarsa daga gida ƙara tura shi ne. Haka nan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda wasu ke sha kullum daga hannun masu talla, suna cin ciki, suna ɗaga jini, suna lalata ƙoda.

Motsa jiki

Abin da ake so ga baligi shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, yara kuma minti 60 kullum. Tafiyar da ake nufi ita ce mai ɗan sauri, wadda mutum zai iya magana a cikinta amma ba zai iya rera karatu ba. Ba sai an yi ta a lokaci ɗaya ba. Wanda masallacinsa ke da nisan minti 5, idan ya je ya dawo da ƙafa sau uku ya cika minti 30. Tafiyar minti 10 bayan cin abinci kuma tana taimakawa wajen sauke sukarin jini.

Manomi da damina ba ya buƙatar wannan nasiha. Masu buƙatarta su ne ƴan kasuwa da teloli da direbobi da ma'aikatan ofis, da mu malamai da muke wuni a kan buzu. Duk wanda aikinsa na zama ne ya riƙa miƙewa yana ɗan takawa bayan kowace rabin sa'a ko sa'a ɗaya. Matan birni, waɗanda injin niƙa da famfo suka ɗauke musu daka da jan ruwa, su ma jikinsu na buƙatar madadin wannan aikin: zagaya tsakar gida da sauri, ko zuwa islamiyya da gidan ƴan'uwa da ƙafa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, don haka kada miji ya ɗauki wannan abin kunya. Dattawa su riƙa tashi daga kujera su zauna sau goma ba tare da dafa komai ba, idan za su iya. Yana ƙarfafa cinya, yana rage faɗuwa.

Kowane yanayi da nasa

Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a Yamai da Tawa da Damagaram da sauran garuruwanmu. A sha ruwa tun kafin ƙishi, a kai aiki mai nauyi safiya ko yamma, a riƙa leƙa tsofaffi da jarirai. Wanda zafi ya buge har ya rikice, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Da damina sauro ne. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe kusan mutum dubu 600 a shekara, mafi yawansu yaran Afirka ƴan ƙasa da shekara 5, kuma Nijar da Najeriya suna cikin ƙasashe huɗu da ke ɗauke da fiye da rabin waɗannan mace-macen. Kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani, a zubar da ruwan da ya kwanta a tayoyi da gwangwanaye, a karɓi maganin rigakafin da ake raba wa yara wata-wata a ba su shi cikakke. Zazzaɓi kuma a auna jini cikin sa'o'i 24.

Da hunturu ƙura da sanƙarau ne. A rufe hanci, a karɓi allurar rigakafi idan ta zo. Kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki: yana fitar da iska mai guba da ba ta da wari, tana kashe mutane cikin barci.

Lafiyar zuciya

Baƙin ciki da tsoro da fushi ɗabi'ar ɗan Adam ce. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu malaman sira suna kiranta shekarar baƙin ciki. Saboda haka ba daidai ba ne a ce wa duk mai damuwa imaninsa ne ya yi rauni. Wannan magana ta sa mutane da yawa sun haɗiye ciwonsu har ya fi ƙarfinsu.

Al-Balkhi ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke sauka wa mutum ba dalili ya hana shi komai. Na biyun ya ce yana da alaƙa da jiki, yana kuma buƙatar magani. Likitocin yau suna kiran mai tsanani ciwon damuwa, kuma yana damun ɗaruruwan miliyoyin mutane a duniya. Alamominsa: ƙunci kusan kullum har mako 2 ko fiye, rashin jin daɗin abin da mutum ya saba so, rikicewar barci da cin abinci, kasala, ganin kai ba shi da amfani, da tunanin gara mutuwa. A wurinmu yakan fito da siffar ciwon jiki: ciwon kai, zafin ƙirji, faɗuwar gaba, jin abu na yawo a jiki, a yi ta awo ba a ga komai ba. Yana kuma kama wasu mata bayan haihuwa, a ɗauka rashin son jariri ne alhali ciwo ne.

Ɗabi'un da ke kare zuciya:

Zumunta. Hausawa sun ce a ƙafa take. Saƙon WhatsApp ba ya maye gurbin zama da mutum. Wanda aka daina gani a masallaci ko a islamiyya kwana uku, a je a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Amini guda. Kowa ya sami mutum ɗaya mai riƙon sirri da zai faɗa wa abin da ke cinsa. Wanda aka faɗa wa kuma ya saurara tukuna, kada ya yi gaggawar wa'azi.

Taƙaita waya. A ware lokacin duba labarai, a daina kallo da yaɗa hotunan gawarwaki da na tashin hankali. Abin da ido ya gani da dare zuciya ke kwana da shi.

Gudun bashin gasa. Damuwar gidaje da yawa daga biki da suna da lefen da aka yi don idon mutane take. Kowa ya tsaya inda ƙarfinsa ya tsaya.

Maganin fushi. Sunna ta koyar da yin shiru, da zama ga wanda ke tsaye, da alwala. A haɗa da jan numfashi a hankali da sakinsa a hankali sau biyar ko shida. Bugun zuciya kan sauka.

Natsuwa. Salla da natsuwa, zikirin safe da yamma, fita hasken safiya, da tuna ni'imomi uku kafin barci. Al-Balkhi ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo.

Idan alamomi sun wuce mako 2, ko sun hana mutum aiki, a je asibiti. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a ba sa hana shan magani, shan magani kuma ba ya rage tawakkali. Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarta ta yawu, kuma kusan 7 cikin 10 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suna shan magani yadda ya kamata. Ɗaure mai taɓin hankali da mari ko dukansa zalunci ne, ba magani ba ne. Wanda ya furta cewa ya gaji da rayuwa, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a tsaya ga tsoratar da shi: a zauna da shi, a kawar da maganin ƙwari da igiya da ƙwayoyi daga kusa da shi, a kai shi wurin ma'aikatan lafiya a ranar.

Awon da kowa ya kamata ya sani

Hawan jini, wanda a gari ake ce wa tansiyo, yana kan sama da mutum biliyan 1 a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, domin galibi ba ya ciwo. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye, wato 14 da 9 a bakin ma'aikatan lafiyarmu, a ranaku biyu mabambanta, to akwai shi. Duk baligi ya auna, wanda ya kai shekara 40 kuma aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Sauƙin daga maganin ne.

Ciwon suga: idan awon safe kafin a ci komai ya kai giram 1.26 a lita, aka sake aka sami haka, to ya tabbata. Alamominsa yawan ƙishi da fitsari, rama, da gyambon da ya ƙi warkewa. Mai shi ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum lokacin alwala.

Ƙugu: a auna tsayin mutum da zare, a ninka zaren biyu. Idan bai zagaye ciki daidai wajen cibiya ba, tumbi ya yi yawa.

Alamomin da ba a kwana da su: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar magana, ciwon ƙirji mai danna mutum, sanƙarewar wuya da zazzaɓi, jijjigar yaro, da zubar jini ko tsananin ciwon kai ga mai ciki. A waɗannan, mota ake nema, a yi addu'ar a hanya.

Ta ina za a fara?

Wanda ya ce zai canza komai a rana ɗaya, a mako ɗaya zai bari. A zaɓi abu guda a riƙe shi wata ɗaya, a kuma ɗaura shi a jikin abin da aka riga aka saba. Bayan Asuba, kofin ruwa da tafiya. Bayan Azahar, ƴar ƙailula. Bayan La'asar, babu shayi mai ƙarfi. Bayan Magariba, abinci tare da iyali ba waya a hannu. Bayan Isha'i, shimfiɗa. Idan ɗaya ya zauna, a ɗauki na gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Muna kuma kira ga kwamitocin masallatai. Na'urar awon jini ba ta kai kuɗin lasifika ba. Idan kowane masallacin Juma'a ya mallaki guda, ya nemi ma'aikacin lafiya daga cikin masallatansa ya zauna sa'a ɗaya bayan salla sau ɗaya a wata, aka kuma yi wa mata irin wannan tanadi a islamiyyoyinsu, za a gano mutane da yawa tun kafin su faɗi. Ɗalibai kuma su karanta wa iyayen da ba sa karatun boko wannan bayani, domin mai riƙe da ludayin miya ita ta fi kowa buƙatar jin maganar gishiri.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ne Mafi sani.